Warin farantan bakteriya a aji: a hana shi, a tsare shi, ko a rufe shi da turare?

Gwajin shuka ƙwayoyin bakteriya a faranti yana cikin darussan da yara ba sa mantawa. Yaro ya dangwala yatsa a kan agar, wato daskararren abincin ƙwayoyin da ke cikin farantin, kafin ya wanke hannu, ya sake dangwalawa a wani farantin bayan ya wanke da sabulu, kwana uku ya ga bambancin da idonsa. Abin da ke kashe wa malamai gwiwa shi ne wari. A Makka da Jidda da Madina abin ya fi muni, domin ajujuwanmu a rufe suke yini, esi yana juya iska guda, sannan daga azahar ɗin Alhamis zuwa safiyar Lahadi a kashe yake, ɗakin ya zama tanda. Akwai malaman da suka gwada sau ɗaya, ɗoyi ya kai har ofishin mudir, wato shugaban makaranta, ba su sake marmari ba.

Hanyoyin da ake bi ba darajarsu ɗaya ba. Wasu suna hana warin samuwa, wasu suna tsare shi bayan ya samu, wasu kuwa lulluɓe shi kawai suke yi. A ganinmu malami ya zuba ƙarfinsa a na farko, ya ɗan kashe kuɗi kaɗan a na biyu, na uku kuwa ya bar shi gaba ɗaya. Ga dalilai.

Agar ɗin kansa ba ya wari. Daga ciyawar teku ake samo shi, yawancin bakteriya ba sa iya cin sa, aikinsa kawai ya daskarar da abincin da aka haɗa. Abincin ne mai furotin, kuma idan ƙwayoyin suka farfasa furotin sai su saki iskar da hanci ke ƙi. Amoniya ita ce mai zarni. Futuresin da kadabarin su ne ɗoyin mushe. Hayidurojin salfayid shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma hanci na jin sa ko da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ba. Indol, wanda bakteriyar hanji mai suna E. coli ke fitarwa, shi ne mai kama da bayan gida; turaimetilamin ƙarnin kifi; asid butirik kuma warin man shanun da ya lalace, wanda bakteriya dangin Clostridium ke yi a inda babu iska. Yawan wannan iskar ya dogara da abu huɗu: irin abincin, irin ƙwayar da aka shuka, zafin wurin, da tsawon kwanakin da aka bar ta. Dukkansu huɗun a hannun malami suke tun kafin a fara.

Abincin da za a zuba a faranti

Garin agar na gwaji da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti da na ɗakin bincike, giram 28 ake damawa a lita 1 ta ruwa. Lita guda tana cika faranti kusan 50 masu faɗin milimita 90, idan ana zuba mililita 20 a kowanne. Yana da tsabta, yana fitar da sakamako da sauri, amma an yi shi ne don ƙwayoyi su ƙoshi, ƙoshinsu kuwa shi ne warin. Dabara mai sauƙi ita ce a rage masa ƙarfi: giram 14 na garin, a ƙara giram 7 zuwa 8 na agar zalla, a lita 1. Ƙarin agar ɗin dole ne, in ba haka ba farantin zai fito ruwa-ruwa, yatsa ya huda shi. Ɗigon ƙwayoyin za su fito ƙanana, su ɗan makara da kwana guda, amma ƙirga su ya fi sauƙi domin ba sa haɗewa, warin kuma ya ragu sosai.

Wanda bai sami garin gwaji ba yana iya haɗa na gida. Agar-agar na kayan zaki yana nan a shagunan 'yan Indonesiya da 'yan Indiya, musamman gab da azumi. A nemi fari zalla, marar sukari da kala. Rabin lita na ruwa, giram 7 zuwa 8 na agar, rabin dunƙulen Maggi. A fara narka dunƙulen, a bari ya huce, a tace kitsen da ya taso, sannan a zuba agar a tafasa har ya narke tas. Ba ya narkewa sai ruwa ya haura digiri 85. Daga nan a juye shi a kwalba, a dafa minti 15 a tukunyar furesha, wadda ke dafa abu da matsin tururi, a bari ya sauko yadda hannu zai iya riƙe kwalbar, kusan digiri 50, a zuba. Idan aka zuba da zafi, tururi ne zai cika murfin, kuma wannan ruwan zai dame ku daga baya.

Jelatin kuwa, garin da ake daskarar da jeli da shi, a guje shi. Shi kansa furotin ne, yana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, kuma bakteriya irin su Bacillus da Proteus da Pseudomonas suna cinye shi su mai da shi ruwa. Farantin jelatin a ajin Jidda, kwana uku ya ishe shi ya koma romo mai ɗoyi da ke bin gefen murfi yana zuba. Wannan matsalar ce ta sa ɗakin binciken Robert Koch a Jamus ya koma agar a 1882, bisa shawarar Fanny Hesse. Agar mai jini, wanda asibitoci ke amfani da shi, ba na makaranta ba ne ko kyauta aka bayar, domin an yi shi ne don raya ƙwayoyi masu sa cuta.

Abin da za a shuka

Nan ne rabin warin ke fitowa. Yara za su so zuwa banɗaki da auduga, wani ya ce zai tofa yawu, wani ya goga tafin takalmi. Kada a yarda. Banɗaki, yawu, majina, tari, ɗanyen nama ko kaza, ruwan kwata da ƙasar da dabbobi ke kwana, su ne ke kawo ƙwayoyin hanji da masu ruɓar da nama, kuma su ne masu haɗari. Yatsa, hannun ƙofar aji, gilashin waya, takardar riyal, ko a buɗe faranti minti 20 zuwa 30 iskar aji ta sauka a kai, sun isa darasi. Abin da ya fi fitowa daga waɗannan shi ne Micrococcus mai ɗigo rawaya, Staphylococcus mai fari, da Bacillus mai faɗi kamar busasshen ɓawo. Warinsu bai wuce na safa ba. Duk da haka ba a buɗe su, domin kusan kashi 30 cikin ɗari na mutane suna ɗauke da Staphylococcus aureus a hanci, daga hanci zuwa yatsa kuwa ba nisa.

Ga ƙananan aji akwai zaɓin da ya fi kwanciyar hankali: yis ɗin burodi. A tafasa dankalin turawa giram 200 a lita 1, a tace ruwan, a zuba sukarin gulukos giram 20 da agar giram 15. Yis yana fitowa ɗigo-ɗigo masu launin madara, ƙamshinsa na ƙullin burodi. A shafa wa yaro ɗaya ruwan yis a tafi, ya gaisa da na biyu, na biyu ya gaisa da na uku, kowa ya dangwala a farantinsa, sai a ga yadda abu ke bin musafaha yana raguwa. Gaskiya yis ba bakteriya ba ne, kuma wasu ƙwayoyin hannu za su biyo shi, don haka dokar rufewa tana nan. Amma idan manufar darasin ita ce yaɗuwar ƙwayoyi da amfanin wanke hannu, ya biya buƙata ba tare da ɗoyi ba.

A rage yawan farantan ma. Aji mai yara 30, a raba su biyar-biyar, kowace ƙungiya faranti biyu, ga 12, a ƙara biyu da ba a taɓa ba don kwatantawa. Faranti 14 sun koyar da abin da 60 za su koyar.

Zafi da kwanaki

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ƙa'idar da makarantun Ingila ke bi ita ce a ajiye faranti a kusan digiri 25, kada ya haura 30. Dalilin ba wari ba ne kaɗai: zafin jikin mutum digiri 37 ne, ƙwayoyin da ke sa mutum ciwo a nan suka fi jin daɗi. A yanayin da ya dace da ita, E. coli tana ninkuwa duk minti 20. Ajin da esi ke riƙe da shi a 22 zuwa 24 ya dace ƙwarai. Ajin nan dai, idan aka kashe esi a Makka cikin Satumba ko Mayu, lokacin da zafin waje ke kaiwa 40 ko ya haura, yana iya zama a daidai zafin jiki na kwana biyu da rabi. Saboda haka warin da ake tarar wa ranar Lahadi gargaɗi ne cewa abin da ya girma a ciki ya wuce abin da aka yi niyya.

Mafita mafi arha ba ta buƙatar sayen komai: a daidaita gwajin da makon makaranta. A shuka ranar Lahadi da safe, a duba Talata, a ɗauki hoto a ƙirga ranar Laraba, a kashe a zubar ranar Alhamis kafin a tashi. A digiri 25 ɗigon suna bayyana cikin awa 48 zuwa 72. Bayan kwana na huɗu ko na biyar ba wani sabon ilimi da ke ƙaruwa, sai funfuna da ke lulluɓe komai da wari da ke ninkuwa.

Saura dare, tunda makarantu da yawa suna kashe esi bayan an tashi. Akwai zaɓi biyu. Ko dai a kai akwatin da aka zuba farantan wani ɗaki da sanyinsa ba ya yankewa, muddin ba wurin cin abinci ko shan shayi ba ne, ko a sa shi cikin kular ƙanƙara tare da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ta daskare, a naɗe ta da tawul don kada ta taɓa farantan, a canza ta kowace safiya. Kular tana riƙe dare guda lafiya, amma ba za ta riƙe hutun Juma'a da Asabar ba. A jefa ma'aunin zafi mai tuna mafi sama da mafi ƙasa a ciki. Shi zai faɗi gaskiyar abin da ya faru da dare. Idan ya nuna ƙasa da 18, gorar ta yi yawa, girma zai yi jinkiri. Wanda yake da ikon zaɓar lokaci ya sa gwajin tsakanin Disamba da Fabrairu. A Madina ma daren hunturu yana yin sanyi har a buƙaci ƙarin kwana guda kafin ɗigon su fito. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne barin faranti a mota ko a bakin taga inda rana ke bugawa.

Yadda za a rufe

Kuskuren da hankali ke fara kai mutum shi ne ya naɗe bakin faranti da salatif zagaye tun ranar farko don kada wari ya fita. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Ƙwayoyin ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, masu son iska su tsaya, masu rayuwa ba iska su samu fili, su ne kuwa mafi ɗoyi kuma cikinsu akwai masu haɗari. Yadda ake yi shi ne gutsuren salatif biyu zuwa huɗu, kowane kamar santimita 5, daga murfi zuwa gindi, yadda murfi ba zai buɗe ba amma iska na ratsawa. A rubuta suna da kwanan wata a gindin faranti, a kife shi, agar yana sama murfi yana ƙasa. Kifewar tana hana ruwan da ya taru a murfi ɗigowa kan ƙwayoyin ya kwashe su ya malale da su. Idan aka bar farantan da aka zuba suka kwana a rufe kafin a shuka, wannan ruwan yana raguwa. Naɗewa zagaye tana da lokacinta: ranar Laraba, dab da za a miƙa wa yara su duba, bayan girma ya kammala.

Tunda faranti dole ya numfasa, tsare warin sai a waje da shi. Leda mai zif tana da kyau wajen tare abin da ya zubo da ƙurar funfuna, kuma ana gani ta cikinta, yaro ya duba ba tare da ya taɓa faranti ba. Amma ledar siririya ce, wari na ratsa ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai kauri ta firiza ta fi, kuma a bar iska a ciki, kada a matse ta. Akwatin roba mai murfin da ke da zoben roba da maƙallai a gefe ya fi leda tsare wari nesa ba kusa ba. Mai lita 10 ya ɗauki faranti 14 da sauran iska mai yawa. Aibinsa shi ne robar tana shan wari, ba zai koma kicin ba har abada, don haka a rubuta a jikinsa. Kwalbar gilashi mai faɗin baki ba ta barin komai ya fita kuma ba ta riƙe wari bayan an wanke, sai dai iskar cikinta kaɗan ce, samun wadda faranti zai shiga bakinta da wuya, ga fashewa a hannun yara. Mun fi son a haɗa biyu: farantan kowace ƙungiya a leda guda, ledojin duka a akwati. Sau ɗaya a rana malami ya fita da akwatin tsakar makaranta, ya buɗe murfin minti ɗaya fuskarsa a gefe, ya mayar. Farantan ba a buɗe su, kuma ba a shinshina su, ko da yaro ya nace yana son ya ji.

Abin da ake sawa a akwati ya sha wari

Gawayin tace ruwa, wanda ake samu a shagunan kifin ado, shi ne kan gaba. Giram ɗaya nasa yana da ramukan da faɗinsu ya haura murabba'in mita 500, kuma yana kama indol da yawancin masu ɗoyi. Giram 100 zuwa 200 a cikin tsohuwar safa mai tsabta sun ishi akwati guda. Rauninsa biyu: ba ya kama amoniya sosai, kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, abin lura a Jidda inda iska ke da laima. Gawayin kunna turare ba madadinsa ba ne. Ramukansa kaɗan ne, ga sinadarin saurin kamawa da ake haɗa masa.

Bekin soda da kowa ke fara ambata yana aiki ne a kan wari mai tsami irin na asid butirik. Zarni da ƙarni ba ya taɓa su, domin shi da su jinsi ɗaya ne, duk kishiyoyin asid. Abin da ke kama waɗannan shi ne abu mai tsami. Gishirin lemun tsami da ake sayarwa a baƙala, wato shagon kayan masarufi, ƙaramin cokali guda a rabin kofin ruwa, a jiƙa tishu a ajiye a buɗaɗɗen kofi a kusurwar akwati. Ya fi ruwan khal domin shi ba ya da nasa warin. Sai dai a cire kofin kafin a kusanto da bilic, ruwan kashe ƙwayoyi irin Clorox, domin haɗuwarsu na tayar da iskar kulorin. Garin gahawa yana ɗan taimakawa kwana ɗaya, daga nan ya ja laima shi ma ya fara funfuna.

Turaren wuta da feshin ƙamshi ba sa cire komai. Suna hawa kan warin ne, haɗin ya fi tayar da zuciya, yaro mai asma ya sha wahala, malami kuma ya rasa alamar da za ta gaya masa cewa abu ya lalace. Ga garwashi kusa da barasar goge tebur mai kama wuta. Na'urar tace iska mai kama ƙura ba ta kama iskar wari sai tana da gawayi a ciki. Mai fitar da ozon kuwa tana cutar da huhu, ba a kunna ta inda yara suke. Esin bango mai raba biyu ba ya shigo da iskar waje, ta cikin ɗaki yake sanyayawa ya dawo da ita, shi ya sa ƙara masa ƙarfi ba ya rage komai. Fankar zuƙe iska da taga a buɗe su ne masu fitar da wari.

Idan darasi bai ƙare ba ranar Alhamis ta zo

Firij a digiri 4 yana kusan tsayar da girma, wari ma ya tsaya, faranti ya kai mako mai zuwa. Sharaɗin shi ne firij ɗin ɗakin gwaji ne, wanda ba a sa abinci ko ruwan sha a ciki. Na ɗakin malamai bai halatta ba ko an ninka leda goma. Sanyi ba ya kashe su, da sun fito za su ci gaba, kuma murfi zai yi gumi ya hana gani na ɗan lokaci. Tsohuwar hanyar ɗiga fomalin a takarda a sa a murfi tana kashe su, amma sai an buɗe faranti, tururinsa yana ƙona ido da maƙogwaro, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Ba na aji ba ne. Hoto ya fi duka biyun sauƙi: a ɗora faranti a kan baƙar takarda, a ajiye rula a gefe, haske ya zo daga gefe ɗaya, a ɗauka da waya. Da hoton za a ƙirga, a auna, a rubuta rahoto ko bayan wata guda.

Kashewa: tukunya ko bilic

Tukunyar furesha, irin wadda ake dafa naman kabsa, ita ce mafi inganci idan babu injin asibiti. Abin da ake nema shi ne digiri 121, wanda ake samu a matsin psi 15, kusan kPa 100. A duba abin da aka rubuta a murfi ko gindin tukunyar. Masu aiki da lantarki da yawa ba sa kai wannan matsin. Tafasa a tukunya ta yau da kullum ba ta isa ba, domin Bacillus da Clostridium suna da ƙwaya mai sulke da ke jure digiri 100. A zuba farantan a rufe cikin ledar gasa kaza a tanda, wadda ke jure zafi. Leda mai zif narkewa take yi, don haka a zazzage su daga cikinta. A zuba rabin kofin ruwa a ledar, a bar bakinta a sake don tururi ya shiga. Ruwa santimita 3 zuwa 5 a gindin tukunya, a ɗora ledar a kan wani ƙarfe ko kwano, kada kaya su wuce kashi biyu cikin uku. A bar tururi ya fita kamar minti 5 ya kori iskar ciki kafin a rufe mafitarsa, a fara ƙirga minti 30 daga lokacin da matsi ya cika, a kashe wuta a bari ta huce da kanta. A Ɗa'if da Abha, inda tudu ya sa ruwa ke tafasa ƙasa da digiri 100, tukunyar ba ta kai zafin da take kaiwa a Jidda, sai a ƙara lokaci. Farantan za su fito a lanƙwashe, a ɗaure ledar a saka a shara. Tururin farko yana da wari ƙwarai, don haka a yi aikin bayan yara sun tafi, ƙarƙashin fankar zuƙe iska ko a fili. Tukunyar ta zama ta makaranta, ba ta sake ganin abinci.

Bilic shi ne na wanda ba shi da tukunya. Clorox na gida yana da ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Kofi 1 a ruwa kofi 9, a haɗa a ranar, domin wanda ya kwana ƙarfinsa ya tafi, haka ma galan ɗin da ya daɗe a sito mai zafi. Raunin wannan hanya shi ne sai an buɗe faranti. Malami kaɗai zai yi, da safar hannu da gilashin kare ido, a fili: ya nutsa farantin cikin bokiti, ya yanke salatif ɗin, ya buɗe murfin a ƙarƙashin ruwan. Agar yana cinye ƙarfin bilic, don haka ruwa ya zama mai yawa, kamar lita 5 ga faranti 14, a rufe bokitin a bar shi ya kwana a wurin da ake kullewa. Da yake Juma'a ba makaranta, mai bin wannan hanya ya jiƙa ranar Laraba da yamma ya zubar Alhamis. Ruwan ya bi magudana da ruwa mai yawa, agar da roba a tsame su a ɗaure a leda biyu. Kada a haɗa shi da Flash na wanke banɗaki, ko khal, ko gishirin lemun tsami, domin iskar kulorin ke tashi. Kuma abin da ya sha bilic ba ya shiga tukunyar furesha. Jefa faranti da ransa a kwandon shara zalunci ne ga masu kwasa, kyanwa ma za ta yaga ledar kafin gari ya waye.

Makarantar da ke da ɗakin gwaji da tukunya da sanyi mai ɗorewa, ta yi gwajin bakteriya da agar mai rabin ƙarfi, leda da akwati da gawayi, Lahadi zuwa Alhamis. Wadda ke da sanyi amma ba tukunya, ta rage farantan zuwa shida ko takwas ta kashe da bilic, ta sayi farantan da aka riga aka zuba tunda ba ta da abin dafa agar. Malam ko Malamar da ke koyarwa a ƙaramin ɗaki, ba tukunya kuma esi na mutuwa da azahar, yis da kular ƙanƙara sun fi dacewa da su, ko su jira hunturu.

Wanda kuwa ya riga ya tarar da aji ya ɗauki wari, kada ya tsaya duba wane faranti ne. Ya fitar da yara, ya sa safar hannu, ya kwashe duka a leda biyu ya fita da su a kashe a ranar. Idan wani ya zuba a tebur, a lulluɓe wurin da tishu, a kwarara bilic ɗin kofi 1 cikin 10 a kai, a jira minti 20 kafin a kwashe. A kashe esi, a buɗe taga da ƙofa awa ɗaya, a ciro ragar tace iskar esin a wanke ta da sabulu ta bushe kafin a mayar, a fitar da labule da kwalayen da ke kusa su sha rana.